Baƙar Mota Da Zafin Bazara

'Yan'uwa 'yan aji, karatunmu na yau a kan mota ne. Watakila wani zai ce, "Malam, ni ko jaki ba ni da shi, ina ruwana da mota?" To, da ruwanka. Duk wanda ya tashi daga Jandutsi za shi kasuwar Jega, mota yake shiga. Mai albasa a Aliero mota yake jira. Mai zuwa gaisuwar mara lafiya a Maiyama haka. Da yawa cikinmu suna da ɗa ko ƙane direba. Ran Salla kuma, ko ran suna, 'yan'uwa sukan zo daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, su ajiye mota a ƙofar gida, yara su kewaye ta. Saboda haka maganar ta shafe mu duka.

Mun san bazarar ƙasarmu. Daga watan Maris zuwa Mayu rana takan yi ƙuna. Akwai wani abu da ake auna zafi da shi, ana kiransa ma'aunin zafi, yana ƙirga da digiri. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. A ƙasar Kebbi, da bazara, zafin rana yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki, a inuwa ma ke nan. Ran 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali, can yamma da mu. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu yi lissafi da su nan gaba.

Me Ya Sa Baƙi Ya Fi Zafi?

Gani ya kori ji. Gobe da hantsi ku samo ƙyalle biyu, baƙi da fari. Ku shimfiɗa su a rana, kusa da juna. Ku je ku yi wani aiki. In an jima ku dawo ku ɗora hannu a kan kowanne. Za ku ji baƙin ya yi zafi rau, farin kuwa da sauƙi.

Dalili shi ne, hasken rana yana ɗauke da zafi. In ya faɗa a kan farin abu, yawancinsa yakan koma, kamar yadda madubi ke mayar da haske. In ya faɗa a kan baƙin abu, sai abin ya shanye shi. Hasken da aka shanye shi ne ke zama zafi. Kakanninmu ba su auna da digiri ba, amma sun san haka. Shi ya sa farar riga ta fi daɗin sawa da bazara.

Masu bincike a Amurka sun gwada wannan da mota. A 2011 aka buga labarin gwajin. Sun ɗauki mota biyu iri ɗaya, ƙirar Honda Civic, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan azurfa. Suka ajiye su a rana a birnin Sacramento. Da suka auna rufin sama, sai suka ga na baƙar ya fi na ɗayar zafi da har digiri 25. Baƙin fenti yana mayar da kashi 5 ne kawai cikin 100 na hasken rana. Na azurfa kuwa yana mayar da wajen kashi 58.

Amma ga abin mamaki. Da suka auna iskar da ke cikin motocin, bambancin bai kai haka ba. Digiri 5 zuwa 6 ne kawai. Watau baƙar ta fi zafi, gaskiya ne, amma ɗayar ma ba ta tsira ba. Dukansu biyu sun zama tanda. Ashe ba fenti kaɗai ba ne mai laifi.

Ta Ina Zafin Ke Shiga?

Ta gilashi yake shiga. Mota ɗaki ce mai taga ta ko'ina, kuma tagogin duk na gilashi ne. Hasken rana yana ratsa gilashi ba wuya. In ya shiga, sai ya faɗa a kan kujeru, da sitiyari, da allon nan na gaban direba wanda ake kira dashbod. Waɗannan kuwa yawanci baƙaƙe ne, ko da motar fara ce a waje. Sai su shanye hasken, su yi zafi, su ɗumama iskar ciki. Ita kuma iskar ba ta da hanyar fita, don ƙofofi a rufe suke, gilasai a ɗage. Zafi yana ta shiga, ba ya fita. Haka zai yi ta taruwa.

An auna wannan ma. A 2005 likitoci na Jami'ar Stanford da wani masanin yanayi suka buga abin da suka gani. Sun ce cikin awa guda zafin cikin mota yakan ƙaru da wajen digiri 22 a kan na waje. Kashi huɗu cikin biyar na wannan ƙari kuwa a rabin awar farko yake zuwa. Wasu masu bincike a jihar Arizona, ƙasa mai zafi kamar tamu, sun buga nasu a 2018. Bayan awa guda a rana, dashbod ya kai kamar digiri 69, sitiyari 53, kujera 51.

To, mu yi lissafi. Ku ɗauki alli. A ce yau a tashar Jega ma'auni ya nuna digiri 42. A ce direba ya rufe mota ya tafi cin abinci, ya yi awa guda. Mu tara 42 da 22. Nawa ke nan? 64. Jikinmu kuma 37 ne. Mu ɗebe 37 daga 64, saura 27. Wannan shi ne abin da ke jiran wanda zai buɗe ƙofa ya shiga. Mai baƙar mota ya ƙara wani abu a kai.

Inuwa Ita Ce Babban Magani

Tun da rana ce ke kawo zafin, dabara ta fari ita ce a hana ta ganin motar. Babu abin da ya kai inuwa. Ba a kuwa sayenta da kuɗi. Allah Ya hore mana dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya. Asalinsa daga Indiya ne, amma ya karɓi ƙasarmu, kuma yana da ganye har tsakiyar bazara sa'ad da wasu itatuwa suka kaɗe. Ga mangwaro, ga tsamiya.

Sai dai inuwa ba ta zama wuri ɗaya. Wannan shi ne abin da direbobi da yawa ke mantawa. Da safe rana tana gabas, inuwa tana yamma da itace. Bayan azahar rana ta koma yamma, inuwa ta koma gabas. Mutum ya zo da hantsi, ya ga inuwa mai kyau, ya sa mota, ya shiga kasuwa. Ya fito da la'asar ya tarar inuwar ta gudu ta bar motar a fili, tun sa'o'i uku tana gasuwa. Saboda haka kada ka dubi inda inuwa take yanzu. Dubi inda za ta kasance in ka daɗe. In za ka wuni, matsa da mota gindin itacen sosai, ka ɗan karkata ta gabas da shi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu lura. A wajen nan namu, wajajen ƙarshen watan Afrilu, rana takan tsaya daidai tsakiyar ka da tsakar rana. Ka fita ka duba, za ka ga inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. A irin wannan lokaci bango ba ya ba da inuwa. Wanda ya jingina mota da katangar masallaci ko ta shago yana zaton ya yi dabara, bai yi kome ba. Sai abin da ke bisa: itace ko rumfa.

Wanda ke da mota a gida, ya kafa mata rumfa. Ba sai ta kwano ba. Rumfar kara da zana ta isa, har ma ta fi sanyi, don kwano yana ɗaukar zafi ya sauko da shi. A yi ta da tsawo, a bar gefe a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Mun iya yi wa doki da tumaki rumfa, ta mota ba za ta gagare mu ba.

Abu biyu za mu yi hankali da su. Na ɗaya, in hadarin farkon damina ya taso da iska, a janye mota daga ƙarƙashin tsohon itace, kada reshe ya karye a kanta. Na biyu, kada a tsayar da mota a kan busasshiyar ciyawa ko tarin kara don neman inuwa. Salansa tana da zafi ƙwarai bayan tafiya, tana iya tada gobara.

In Babu Inuwa Fa?

Wani lokaci ba yadda za a yi, tasha ta cika, ko an tsaya a fili. To, sai a rufe gilashi. Gilashin gaba shi ne babba, shi ne kuma a kwance, don haka ya fi kowanne shigo da rana. In da hali a juya motar ta ba rana baya. Sa'an nan a rufe gilashin gaban. Ana sayar da wani abu mai ƙyalli kamar azurfa wanda ake naɗewa, an yi shi don haka. Wanda bai samu ba ya yi da kwali, ko tsohuwar tabarma, ko farin zane. A shimfiɗa daga waje ya fi, a danne gefensa da ƙofa kada iska ta kwashe. Dalili kuwa, abin da aka tare a waje bai shiga ba ke nan. Wanda aka tare a ciki ya riga ya ratsa gilashi.

Mai baƙar mota ya ƙara da rufin sama. Farin zane ko fararen buhuna da aka ɗinke, a yafa a bisa. Amma fa kada a rufe ta da baƙin tamfol ko baƙar leda. Wannan ƙarin wuta ne. Kujeru kuma, in baƙaƙe ne ko na roba, a ɗinka musu riga da farin yadi na auduga. Telan gari zai iya. A yafa tawul a kan sitiyari. Ƙarfen bel na kujera shi ma yakan ƙona fatar yaro, a taɓa shi da hannu tukuna kafin a ɗaura.

Wasu sukan fente rufin sama kaɗai da fari, su bar sauran jikin yadda yake. Dabara ce mai kyau. Amma launin mota yana rubuce cikin takardunta, saboda haka wanda zai sāke fenti ya je ofishin lasin a gyara takarda. Ga amfanin karatu nan: mai mota ya karanta takardarsa da kansa. Haka kuma masu son manna baƙar leda a gilashi. Tana rage rana, ba shakka. Amma akwai doka tun 1991 wadda ta hana sa baƙin gilashi ba tare da izinin 'yan sanda ba. A yi tambaya kafin a kashe kuɗi.

Akwai masu cewa, "Ai na ɗan sauke gilashi kaɗan, iska tana shiga." Mu dai ba mu hana ba. Amma mutanen nan na 2005 sun gwada. Sun sauke gilashi kamar fāɗin yatsu biyu, suka auna, suka ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Kada kowa ya dogara da wannan.

Kafin A Shiga

An dawo, mota ta yi zafi. Kada a yi gaggawar cusa fasinja. A buɗe ƙofofi duka, a ba ta minti biyu ko uku. Wata dabara kuma: a sauke gilashin ƙofa ɗaya, a zagaya ɗaya gefen, a riƙa buɗe ƙofa ana turawa sau biyar ko shida, a hankali, kamar maƙeri yana zuga. Iska mai zafi za ta fita ta wancan gefe.

In motar tana da na'urar sanyi, wadda direbobi ke kira esi, kada a kunna ta a rufe gilashi nan da nan. A fara tafiya da gilasai a sauke na 'yan mintoci, iskar hanya ta kore ta ciki, sa'an nan a ɗage a kunna. Na'urar mai take sha. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kowane direba ya san darajar lita guda. Wanda ya nemi inuwa ya rage wa na'urarsa aiki, ya rage wa aljihunsa.

Tafiya mai nisa kuma, irin ta Jega zuwa Yawuri ko Kwantagora, a yi sammako bayan asuba. Kafin rana ta take an ci rabin hanya. A riƙe ruwan sha.

Akwai kayan da ba a bari cikin rufaffiyar mota. Laita, da gwangwanin turaren feshi, da na maganin sauro, zafi yana iya fasa su. Wayar hannu takan lalace. Maganin asibiti yakan rasa ƙarfinsa, musamman allurar masu ciwon sukari. Jarkar fetur ba a ma maganarta. Kaji da aka sayo a kasuwa aka jefa cikin but, sau da yawa kafin a isa gida sun mutu, an yi hasarar kuɗi, an kuma ɗauki alhakin dabba.

Maganar Yara

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kome nauyi cikin darasin nan. Duk abin da muka faɗa a baya na jin daɗi ne da tattalin dukiya. Wannan kuwa na rai ne.

Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ninki uku zuwa biyar. In zafin cikin jikinsa ya kai digiri 40, ya shiga hatsari. In ya doshi 42, yana iya mutuwa. Ku tuna lissafinmu na ɗazu. Ba a bukatar awa guda. Uwa ta ce, "Bari in shiga in sayo gishiri, yana barci, kada in tashe shi." Ta haɗu da 'yar'uwa, aka tsaya gaisuwa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Mun san gaisuwarmu ba ta ƙarewa da wuri. Minti goma ya zama talatin.

A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan, yara wajen 37 ke mutuwa kowace shekara cikin mota mai zafi, in an yi matsakaicin lissafi tun daga 1998. A ƙasarmu ma ya faru. A watan Disamba 2021 an tarar da yara takwas sun mutu cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. A 2024 an rasa yara biyar haka a Minna. Yawanci ba wanda ya sa su ciki. Wasa suke yi, suka ga mota a buɗe, suka shiga, ƙofa ta rufe, suka kāsa buɗewa. Iyaye suna can suna nema a gari.

Motocin zamani suna da wani maɓalli a ƙofar baya wanda ke hana buɗe ta daga ciki. An yi shi don kada yaro ya faɗo ana tafiya. Amma in ya shiga shi kaɗai, shi ne ke kulle shi. Wannan ba ruwansa da launi. Fara ce, baƙa ce, a rana take, a inuwa take, duk ɗaya. Mutanen Arizona sun ga ko a inuwa zafin yana kai yaro ga hatsari, sai dai ya ɗan ƙara jinkiri.

Saboda haka, mai mota ya kulle ta duk sa'ad da ya fita, ko a ƙofar gidansa ne. Kafin ya kulle ya leƙa kujerar baya. Makulli ya zauna a aljihu ko a rataye can sama, inda hannun yaro ba ya kai. Matacciyar mota da aka yar a bayan gida ko a garejin makanikai, ita ce ta fi hatsari, don ba mai dubanta. A kulle ta, ko a cire ƙofofin. Mai unguwa yana iya yin magana a kan wannan, liman ma haka. In kuma yaro ya ɓace a unguwa, kafin a tafi rijiya ko bakin gulbi, wani ya ruga ya duba kowace mota, har da but.

In Allah Ya sa aka tarar da yaro a ciki, kada a tsaya neman mai makulli. A fasa gilashin da ya fi nisa da shi. Gilashi ana sayen wani. A fito da shi a kai inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta zuba masa ruwa mai sanyi a jiki duka, ana yi masa fifita. In yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa ya kurɓa kaɗan kaɗan. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. Sa'an nan a garzaya da shi asibiti mafi kusa, Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Ko ya farfaɗo ya yi kuka, a kai shi dai, likita ya duba. Tsoho da mara lafiya da mai ciki, su ma haka za a yi musu.

Tambayoyi

1. Me ya sa baƙin ƙyalle ya fi fari zafi a rana?
2. Ta ina yawancin zafi ke shiga mota?
3. Direba ya zo da hantsi, zai tashi da la'asar. Ta wane gefen itace zai ajiye mota?
4. In zafin waje digiri 39 ne, aka rufe mota awa guda a rana, wajen digiri nawa za a samu a ciki?
5. Yaro ya ɓace a unguwa. Ina za mu fara dubawa?

Aikin gida: kowa ya yi gwajin ƙyalle biyu, ya zo ya gaya wa aji abin da hannunsa ya ji. Kowa kuma ya rubuta wannan a takarda da manyan baƙaƙe, ya kai wa direban da ya sani ya manna a gaban motarsa: DUBA KUJERAR BAYA KAFIN KA KULLE.